Ranar da Allura ta Tsaya a Wuyan Rigar Amarya

Assalamu alaikum, ya ku masu bibiyar wannan shafi. Kafin in fara ina roƙon alfarma guda: duk wanda zai zage ni a ƙarƙashin rubutun nan, ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna, domin zagin nasa ya sauka inda ya dace. Ni ma na riga na taya shi rabin aikin.

Ga wanda yau ne farkon zuwansa, sunana Fannami. A Diffa nake zaune. Ina da difloma ta fasahar ordinatar, wato kwamfuta, da na samo a Damagaram, ina kuma gyaran na'urori a wani ɗan shago kusa da tasha. Yarinyar da nake so sunanta Kaltum. Har zuwa jiya Alhamis ban taɓa gaya mata ba, kuma daga wannan shirun ne duk abin da za ku karanta ya tsiro.

Mahaifiyarta, Ya Ummusalma, 'yar Diffa ce da aure ya kai Damasak. Mijinta, marigayi Malam Bukar, tela ne, shi ne kuma na farko a unguwarsu da ya sayi keken surfani mai aiki da ordinatar. Ranar da hari ya watsa garin, shi bai samu fitowa ba. Ita ta fito da kan keken a naɗe cikin bargo, Kaltum ta ɗora akwatin ordinatar a ka, suka haye kogin Komadugu zuwa Diffa da taimakon masu fito da gora. Mutane suna ta yi mata ihu ta jefar da ƙarfe ta tsira da rai, ta ce in ƙarfen ya nutse su ma sun nutse, don shi ne tuwonsu. A cikin akwatin nan kuwa akwai zane-zanen surfani da Malam Bukar ya tsara da kansa: ganyen tattasai, ƙayar kifi, idon zabuwa, da wani mai kama da igiyar ruwa wanda amaren Chétimari ba sa yarda a yi musu wuyan riga da wani sai shi.

Yayata Uwani, wadda take kai ɗinki wurinsu, ita ta tura ni gidan tun kafin azumi, lokacin da tsohuwar ordinatar ta fara ɗaukewa da kanta. Na buɗe ta, na ga 'yan gwangwanayen da ke kan farantinta sun kumbura kamar wake a ruwa. Na gaya wa Ya Ummusalma gaskiya: kwananta ya kusa ƙarewa. Ta ce ta sani, shi ya sa ƙanenta ya aiko mata da sabuwa, ƴar tafi-da-gidanka mai Windows 10. Aikina shi ne in mayar da komai can.

A nan sai kun yi haƙuri da ni in yi ɗan bayanin sana'a, domin in ba ku fahimce shi ba, ba za ku gane girman abin da na aikata ba.

Kowace manhaja a kan wani harsashi ake gina ta. Wadda Malam Bukar yake aiki da ita an gina ta a kan tsohon harsashin Windows, wanda ake kira Win32. Sabuwar ordinatar kuwa ta zo da nata harsashin da aka yi musamman dominta, ana ce masa UWP. Manhajar tsohon harsashi kamar ɗan gida take: tana shiga ko'ina ba sallama, ta leƙa rumbu, ta buɗe ƙofar waya, ta yi magana da keke baki da baki. Nan ƙarfinta yake, nan ne kuma haɗarinta, don in ta kwaso cuta, gidan duka ya kamu. Ta sabon harsashi kuwa baƙo ce mai ladabi. An ware mata ɗakinta, ba ta taɓa fayil ko ƙofa sai ta nemi izini. Rubutunta garau, tana daidaita kanta da kowane gilashi, in kuma an sallame ta ba ta barin shara a baya. Sai dai ba ta san harshen keken Malam Bukar ba, ba ta kuma san yadda ake karanta zanensa ba, sai wani ya zauna ya koya mata tun daga baƙin farko.

Duk wannan gaskiya ne, kuma duk na faɗa musu. Abin da ban faɗa ba shi ne: sabuwar Windows ba ta kori tsohon harsashi ba. Yana nan a ƙarƙashinta daram, kamar tsohon gini da aka yi wa sabon shafe.

A zuwana na biyu na gano haka da idona. An kira la'asar, Ya Ummusalma da Kaltum suka shiga ciki yin salla, suka bar ni a rumfar ɗinki. Na kwafe tsohuwar manhajar da zane-zanen duka zuwa sabuwar ordinatar, na haɗa ta da keke da wata ƴar waya mai juya tsohuwar ƙofa ta koma sabuwa, na umurci Windows ta karɓi manhajar kamar yadda tsohuwa take karɓar ta. Na ɗaura wani ƙyallen shadda a firam. Na danna.

Allura ta motsa. Koren zare ya fara zana ganyen tattasai, sumul, babu ko tuntuɓe.

Aikin ya ƙare ke nan. Abin da ya rage in naɗe wayata, in yi sallama, in koma shago.

Sai na ji ƙarar awarwaro, ƙamshin humra ya riga ta isowa. Ban san lokacin da hannuna ya zare wayar ba. Ganyen ya tsaya a rabi. Na kwance ƙyallen na cusa a aljihu. Kaltum ta shigo da faranti, lafayarta ruwan bula mai ɗigon fari, gefen ya ɗan zame daga kafaɗa tana riƙe shi da haɓa.

"Mushe Fannami, an dace?" in ji ta. Mushe a bakin mutanen nan shi ne "malam" na faransanci.

Na dubi kofin shayin, na dubi lallen da ke yatsunta. Na ji bakina yana cewa, "Da sauran aiki. Wannan tsohuwar manhajar ba za ta taɓa buɗewa a sabuwar na'ura ba. Sai an gina wata daga tushe, a kan sabon harsashi."

"Zai daɗe?"

"Zai ɗan daɗe."

"To, shayi dai ba ya ƙarewa a gidan nan," in ji ta, ta ajiye ta juya.

Ya ku masu karatu, na san abin da kuke cewa. Me ya hana ka buɗe baki ka ce kana son ta, kamar kowane ɗa namiji? Amsar ita ce, ni mutum ne da nake karanta saƙo sau da yawa kafin in aika, in kuma goge shi bayan na aika. Tun da aka hana hawa babur a garin nan, aka kuma sa dokar hana fita da dare, zancen dare ya mutu. Saurayi sai dai ya zo da rana tsaka, a ƙafa, idon unguwa duka a kansa, ya tsaya a ƙofar gida kowa ya san abin da ya kawo shi. Ni ba ni da wannan zuciyar. Amma mai gyara, da jakarsa a kafaɗa, babu mai kallon sa sau biyu. Na samu ƙofar da ba a tambayar mai shiga, sai na ƙi rufe ta.

Don kada ku ɗauka zaman banza na yi, na gina sabuwar manhajar da gaske. Shuɗiya ce, maɓallanta manya, har an iya taɓa zane a juya shi. Kullum bayan azahar nakan zauna a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, fanka tana juya iska mai zafi, Kaltum tana gefe tana yanke zare, ina nuna mata.

"Kin ga wannan? In za ta buɗe fayil, sai ta tambaye ki. Ba ta shiga ko'ina sai da izini. Tsohuwar kuwa kutse kawai take yi."

"Wato taka mai kunya ce, kamar mai ita."

"Tsaro ke nan, ba kunya ba."

"To mai tsaro, yaushe za ta gaisa da keke? Har yanzu ko wushe, ko sannu, ba ta ce masa ba."

Ya Ummusalma takan yi dariya daga bakin murhu. "Ƙyale shi, Kaltum. Mai ilimi ba ya gaggawa. Ɗana, matso ka ci burabusko, akwai bandar kifi a miyar."

Ɗana. Duk ranar da ta kira ni haka, nakan sunkuya kan kwano don kada mu haɗa ido.

Saboda tsoron kada tsohuwar ordinatar ta mutu kafin in shirya faɗin gaskiya, sai na kafa musu doka: a kunna ta da sanyin safiya kawai, a kashe da hantsi. Abin da keke bai ƙarasa ba, Kaltum take ƙarasawa da hannu. Da ƙaramar salla ta matso, sun mayar da ɗinkin mutane da yawa, wasu masu ɗinkin suka koma wani wuri ba su dawo ba. Ina gani. Ina ganin yadda kan yatsunta ya huje, lalle ya ƙi kama wurin, tana tsotsa tana ci gaba da hira. Kullum in na fito nakan ce gobe zan gyara, in ce na samo wata dabara. Gobe ta yi, sai ta yi mini murmushi, in ƙara wa goben wata gobe.

Ranar da ƙasa ta kusa tsagewa in shige ita ce ranar da Mushe Daniel ya rako matarsa Christine karɓar rigunan mawaƙan cocinsu. Daniel mutumin Dosso ne, shi yake kula da na'urorin wata ƙungiyar agaji, mun kuma san juna. Ya leƙa gilashina, ya ɗaga gira.

"Kai, abokina, gini kake yi daga tushe? Ka gwada buɗe tsohuwar a nan kuwa? Irin waɗannan sukan tashi lafiya lau."

Kafin in haɗa kalma, Kaltum ta ajiye almakashi.

"Mushe Daniel, da girmanka. Kana tsammanin mutumin da ya bar shagonsa yake zuwa nan cikin ranar nan bai gwada abin da ya fi sauƙi ba? Ya gwada, ta ƙi."

Daniel ya ɗaga hannu biyu yana dariya. "Madam, a yi haƙuri. Ashe injiniyan yana da lauya."

Ya dube ni yana jiran in ce wani abu. Na sunkuyar da kai ina gyara wayar da babu abin da ya same ta. Ƙyallen nan mai rabin ganye yana cikin jakar kuɗina, na ji kamar garwashi aka sa mini a aljihu.

A gida kuma Uwani ta sa ni gaba. Ta same ni ina wanke takalmi, ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu.

"Kai, Fannami, ordinatar kake gyarawa a gidan nan ko tabarma kake ɗumamawa?"

"Yaya, aikin ne da wuya."

"Wuyar uwa! Ni na goye ka, kar ka yi mini faransanci. Ka san Abdullateef mai motar ɗaukar kayan agaji? Ya aika manyansa gidan Ya Ummusalma, da goro da alewa. An ce musu su saurari amsa. Kai kana can kana danna-danna."

Na ji takalmin ya suɓuce mini cikin bokiti.

"Baffa Goni ya aiko daga Chétimari," ta ci gaba. "Ya ce tun rasuwar Baba yake jiran ka ambaci gida, ko wane gida ne, ya sa babbar riga ya je. Ya ce in ba za ka iya faɗa da baki ba, ka rubuta masa a ordinatar."

Da hantsin jiya Alhamis saƙon Kaltum ya shigo.

"Mushe, yau ka zo da wuri don Allah. Rigar amaryar Chétimari ce a kan keke, gwaggonta tana zaune tana jira. Dole mu karya dokarka mu wuce hantsi."

Na rubuta, "Kada ku kunna, ina da maganar da zan faɗa." Na goge. Na rubuta, "Akwai hanya mafi sauƙi." Na goge. Abin da na aika shi ne, "To, ina tafe."

Na tarar da rumfar cike da ƙamshin turaren wuta. Ya Fatima, gwaggon amarya, tana zaune a kan kujerar roba, lafaya baƙa mai bakin ja, jakarta a cinya kamar wadda za ta tashi yanzu. Washegari ne ɗaurin aure, kuma dole ta samu motar ƙarshe kafin jandarmomi su rufe shingen hanya. Rigar farar shadda ce mai sheƙi, an ɗaure wuyanta a firam, zare ruwan zinari yana bin igiyar ruwan Malam Bukar daga kafaɗar dama. Keken ba ya iya riƙe zane duka a cikinsa, ordinatar ce take ba shi kaɗan-kaɗan, kamar mai ba jariri kunu.

Igiyar ta sauko, ta zagayo ƙirji, ta fara hawa kafaɗar hagu. Sai wuta ta yi ƙyaf, ta dawo da ƙarfi. Wani ɗan ƙara ya fito daga tsohon akwatin, warin ƙonannen roba ya biyo baya. Gilashi ya yi baƙi. Allura ta tsaya cak a cikin shaddar.

Kaltum ta danna maɓalli, ta sake dannawa.

"Innalillahi," in ji Ya Fatima, ta miƙe. "Ya Ummusalma, rabin wuya zan kai wa yarinya? Shaddar nan ubanta ya aika har Kano aka sayo, ba ta da ta biyu!"

"Zan ƙarasa da hannu," Kaltum ta ce.

"Da hannu? Kafaɗa ɗaya aikin keke, ɗaya aikin hannu? Matan Chétimari makafi ne? Kuma sai yaushe?"

Ya Ummusalma ta taso. Ta zo ta durƙusa gaban akwatin, ta ɗora tafin hannunta a kansa, yadda ake taɓa goshin mai zazzaɓi. Ni na gaya mata cewa zane-zanen da na kwafe ba za su buɗu ba sai sabuwar manhaja ta kammala, ta kuma ga watanni sun wuce ba ta kammala ba. A hankali ta ce, ba da kowa take ba:

"Bukar ya sake tafiya."

Wallahi, masu karatu, da zagi ta yi da na iya jurewa. Wannan kalmar ce ta tsinka igiyar da ta ɗaure mini harshe. Na buɗe jaka, na ciro ƴar wayar nan da ta daɗe a ƙasan jakar, na haɗa sabuwar ordinatar da keke. Na rufe shuɗiyar manhajata. Na buɗe wadda na ɓoye. Ta tambaye ni daga ina za a ci gaba, na duba inda keke ya riƙe, na gaya mata. Na danna.

Allura ta ɗaga, ta sauka, ta kama hanya daidai inda ta tsaya.

Ya Fatima ta rangaɗa guɗa. "Kai, yaron nan, Allah ya yi maka albarka! Allah ya ba ka mace tagari!"

Ya Ummusalma ta ɗago, hawaye a fuskarta, tana dariya. "Ashe ta kammala! Ka ga ikon Allah, wahalarka ba ta faɗi ƙasa ba, ɗana. Daidai ranar da ake bukata."

Ga ƙofar tsira nan a buɗe. Da na ce "alhamdulillahi" kawai, da na fita gidan nan gwarzo.

Amma Kaltum ba keke take kallo ba. Gilashi take kallo. Abin da ke kai ba shuɗi ba ne. Toka-toka ne, maɓallansa ƙanana, rubutunsa dishi-dishi, kuma a can saman kusurwa ga sunan da aka rubuta tun tana yarinya: Bukar Tela, Damasak.

"Wannan ai ta Baba ce," ta ce a hankali. Ta juyo. "Ka ce ba za ta taɓa buɗewa a nan ba."

"Na ce."

"Yau ka samo dabarar?"

Ta ba ni igiya da hannunta, ya ku jama'a. Idonta yana roƙona in ce i. Na kuma san in na ce i, za ta yarda, kamar yadda ta yarda gaban Daniel. Abin da ya sa na kasa ke nan.

Na ciro jakar kuɗina, na zaro ƙyallen. Ya yi dauɗa, ya lanƙwashe, amma koren rabin ganyen yana nan. Na ajiye shi a kan teburin yanka.

"Wannan na ɗinka shi da sabuwar ordinatar, a zuwana na biyu, kuna salla. Tun ranar take aiki."

Ya Fatima ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta koma kujerarta ta zauna a hankali, ta gyara jakarta, irin zaman wadda ta ga abin da ya fi mota muhimmanci.

Kaltum ta ɗauki ƙyallen. Ta juya shi. Sannan ta buɗe tafin hannunta ta dubi kan yatsunta, ba ta nuna mini ba, ita kaɗai ta duba. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

"Na yi wa Mushe Daniel rashin kunya a gaban matarsa," ta ce. "Saboda kai."

"Na sani."

"Mun mayar da ɗinkin salla."

"Na sani, Kaltum."

"Daina cewa ka sani!"

Ya Ummusalma ta miƙe, ta share fuska da bakin lafaya. Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta ce ɗana ba.

"Fannami, kuɗi ba ka karɓa ba, ballantana in ce su ka biyo. To tun kafin azumi har yau, me kake zuwa yi gidana?"

Na dubi tabarmar da na daɗe ina zama a kai. Maganar da na tsara a zuciyata sau ba adadi, da gabatarwa da kammalawa, ta watse gaba ɗaya. Abin da ya fito guntu ne.

"Inna, Kaltum nake so. Tsoro nake ji a ce mini a'a, sai na zaɓi inda ba za a tambaye ni ba."

"La ilaha illallahu," in ji Ya Fatima. "Duk wannan don haka? Mu a zamaninmu goro ake kaiwa, ba a kashe wa mutane sana'a."

Ya Ummusalma ta nuna wajen murhu.

"Na zauna a bakin murhun can ina jin karatun da kake yi wa ƴata," ta ce. "Kullum kana yabon sabuwar taka, wai ba ta taɓa komai a gida sai ta nemi izini, kana kushe tsohuwa don tana kutse. Na ɗauka halinka kake faɗa. Ashe ka san ladabi, na'ura kawai ka koya wa."

Ban iya ɗaga kai ba.

"Ka dawo mini da Bukar yau, ba zan manta ba. Ka kuma bar ƴata tana huda yatsu kana kallo, shi ma ba zan manta ba. Ka nuna mata inda ake dannawa, ka bar wayar nan, ka ɗauki jakarka. Aikin gyara ya ƙare a gidan nan, shayinsa ma ya ƙare. Wanda yake da wata magana, ya san yadda ake aiko ta."

Na nuna wa Kaltum. Wuri biyu ne kawai ake dannawa, kuma wannan ma wata kunyar ce. Ta saurara, ta gwada, ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Keke ya ƙarasa igiyar ruwa, kafaɗa ta haɗu da kafaɗa. Ya Fatima ta naɗe rigar cikin zane, muka fita tare. A bakin ƙofa ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ɗan wane gida ne?"

"Gidan Goni na Chétimari, na bakin lambu."

"Af! To ka yi sauri ka gaya masa da bakinka, don in na riga ka isa, da irin nawa bayanin zai ji."

Yau da safe ban buɗe shago ba. Ina zaune a ƙofa ina kallon makulli, wayata ta yi motsi. Hoto ne daga Kaltum. Ƙyallen nan ne, ta wanke shi, ta goge, ta ɗaure a firam, allura tana tsaye a kan inda ganyen ya yanke. A ƙasa ta rubuta:

"Rabin ganye ne. Ban san ko zan ƙarasa shi ba ko zan tsefe shi. Har yanzu haushinka nake ji, kada ka ɗauka wani abu."

Ina cikin karantawa wani saƙon ya shigo.

"Ka fara zuwa ka ba Mushe Daniel haƙuri, a madadina da naka."

Sai na uku.

"Inna za ta ba mutanen Abdullateef amsa ran Lahadi. Ba ta tambaye ni ba tukuna. In ta tambaye ni, babu sunan da ke gabanta sai nasa."

Na rubuta amsa doguwa. Na karanta. Yatsana ya tafi wajen gogewa kamar yadda ya saba, sai na tuna wayar da na zare ranar nan. Na goge dogon, amma wannan karon ban ɓoye gaskiya ba, na rubuta, "Zan je wurin Daniel yanzu. Daga nan Chétimari." Na aika kafin in sake karantawa.

Daniel ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya daina dariya ya ce, "Abokina, manhajar taka tana da kyau, ka ƙarasa ta wata rana. Amma yarinyar nan ta tsaya maka a kan ƙarya, ka tabbata ba ta sake yin haka ba."

Yanzu haka ina cikin motar Chétimari, a tsakanin buhun shinkafa da wani tsoho mai akuya. Mun tsaya a shinge, an ce kowa ya sauko da katinsa a hannu. Ban shirya abin da zan gaya wa Baffa Goni ba, kuma wannan ne karo na farko a rayuwata da zan shiga gaban babba ban tsara magana ba. Jandarman ya karɓi katina, ya dubi hoto, ya dube ni, ya ce, "Me za ka yi a Chétimari?"

Bakina ya buɗe zai ce gyara, don ya saba.

Na ce, "Neman aure."